Kwamfutar da ba ta lalace ba, amma an bar ta a baya

A garinmu, da zarar an ji mutum yana koyar da ilimin kwamfuta a jami'a, to an naɗa shi mai gyara ke nan, ko ya so ko ya ƙi. Na daɗe da daina jayayya a kan wannan naɗi. Don haka ban yi mamaki ba da wata ɗaliba daga sashen zanen gine-gine ta yi sallama a ofishina makonni uku da suka wuce, riƙe da kwamfutar hannu, irin mai faɗin nan da ake kira tabilet, a cikin rigarta ta fata. Ba ɗalibata ba ce, wani abokin aiki ne ya turo ta. Ta ce malaminsu ya umarce su da su sauke wata manhajar zane da za su yi aikin wannan zango da ita, amma duk lokacin da ta gwada sai a rubuto mata cewa manhajar ba ta dace da na'urarta ba.

Na karɓa na jujjuya. Ko ƙwarzane babu a gilashinta, batir yana riƙe caji, sauti garau. Yayanta ne ya saya mata ta hannu, da abin da ya tara daga alawus ɗinsa na hidimar ƙasa. Da na leƙa cikinta sai na ga shekarunta: an ƙera ta kimanin shekara tara da suka wuce, ma'adanar wucin-gadinta gigabayit 2, babbar manhajar da ke tafiyar da ita kuwa ta tsaya cak tun da jimawa.

Ta ce, "Malam, me ya lalace a cikinta? In abin gyara ne sai in kai kasuwa."

Na ce mata babu abin da ya lalace.

Ta yi shiru, can ta ce, "To Malam, in ba ta lalace ba, me ya hana ta aiki?"

Tambayar nan ta fi ƙarfin amsar tsaye, kuma na san ba ita kaɗai ke yin ta ba, shi ya sa na kawo ta wannan shafi. Tambaya ce ta mai hankali, domin duk abin da muka sani game da kayan aiki yana goyon bayanta. Keken ɗinkin da mahaifiyata ta yi aure da shi yana nan yana ɗinki har gobe, in dai an ɗiga masa mai an canza allura. Rediyon da aka saya a zamanin Shagari, sa masa batir ka ga ya kamo tasha. A saninmu, abu ko dai ya lalace a kai shi gyara, ko kuwa yana lafiya ya yi aikinsa. Kwamfuta ce ta zo mana da matsayi na uku. Keken ɗinki aikinsa a jikinsa yake, tun ranar da aka ƙera shi aka gama faɗa masa abin da zai yi. Ita kwamfuta ba ta da aikin kanta, umarni take bi. Umarnin kuma wasu mutane ne a wata duniya ke rubuta shi, suna sake rubuta shi kusan kowane wata, idanunsu a kan na'urorin da ke gabansu yau, ba irin wadda ke hannun ɗalibarmu ba. Ita tana tsaye inda aka ƙera ta, umarnin yana tafiya.

Mu fara da batun harshe. A cikin kowace kwamfutar hannu akwai wani ɗan guntun silikon da bai wuce farcen babban yatsa ba, shi ne masarrafa. Tana da ƙayyadaddun umarnoni da aka gina ta a kan fahimtarsu, an zana su a jikin silikon ɗin, ba a ƙara su daga baya, kamar yadda ba a yi wa tukunya hannu bayan an gasa ta. Manhaja kuwa, duk kyawun fuskarta, jerin irin waɗannan umarnoni ce. In aka rubuta ta da umarnin da masarrafa ba ta sani ba, daidai yake da ka miƙa wasiƙar ajami ga wanda boko kaɗai ya iya. Ba makaho ba ne, ba jahili ba ne, rubutun ne ba nasa ba.

Babban sauyin harshe da aka yi a wannan fage shi ne ƙaura daga tsarin bit 32 zuwa bit 64. Kada lambobin su firgita mai karatu. Kowane gurbi a ma'adanar kwamfuta yana da lamba, kamar lambar gida. Masarrafa mai bit 32 ba ta iya ƙirga gidaje fiye da biliyan huɗu da 'yan kai, wato gigabayit 4, nan lambobinta suka ƙare. Mai bit 64 kuwa iyakarta ta yi nisan da ba mai isa can a zamaninmu, kuma sabon tsarin ya zo da ƙarin umarnoni masu hanzarta lissafi da ɓoye bayanai. Kamfanin Apple ya fito da masarrafa A7 mai bit 64 a 2013, ya sa ta a iPhone 5s da iPad Air. Shekara huɗu aka yi ana tafiya da harsuna biyu, sannan a 2017 babbar manhajar iOS 11 ta rufe ƙofa: ba ta hawa kan na'ura mai bit 32, ba ta kuma buɗe manhajar da aka rubuta da tsohon harshe. iPad ta huɗu, wadda ta fito a ƙarshen 2012, a nan ta tsaya, a kan iOS 10. A ɓangaren Android, Google ya wajabta wa masu ɗora manhaja a Play Store su riƙa haɗawa da nau'in bit 64 tun daga Agustan 2019, kuma a 2022 wayarsa Pixel 7 ta fito ba ta karɓar manhajar bit 32 ko kaɗan.

Amma abin da ya fi kayar da tsofaffin na'urori, kuma shi ya kayar da ta ɗalibar nan, shi ne ma'adanar wucin-gadi, wadda 'yan kasuwa ke kira RAM. A nan mutane da yawa ke ruɗewa, har da masu digiri, domin ma'adana iri biyu ce, kuma duka da gigabayit ake auna su. Mai saye zai ji an ce masa "sittin da huɗu ce" ya yi murna, bai san girman rumbu kawai aka faɗa masa ba. Ɗauki misalin tela. Yana da sito inda yake jibge yadudduka, yana kuma da teburin da yake shimfiɗa yadi ya yanka. Siton shi ne ma'adana ta dindindin, inda hotuna da littattafai ke kwana. Teburin shi ne ma'adanar wucin-gadi, duk abin da ake aiki a kansa a wannan daƙiƙa dole ya hau kansa. Tela mai sito cike da shadda, in teburinsa na yankan hula ne, ba zai yanka babbar riga ba, kome ƙwarewarsa.

Na ɗauki takarda na yi wa ɗalibar lissafi, zan kuma maimaita shi a nan, tunda gani ya kori ji. Hoto a kwamfuta ɗigo-ɗigo ne. A ce shafin zanenta ɗigo 4,000 ne a tsaye, 4,000 a kwance, ɗigo miliyan 16 ke nan. Kowane ɗigo yana cin bayit huɗu, uku na launi, ɗaya na yadda haske ke ratsa shi. Shafi ɗaya ya tashi megabayit 64. To mai zanen gini ba a shafi ɗaya yake aiki ba. Bango a nasa shafi, wayoyin lantarki a nasu, bututun ruwa, rufi, inuwa, rubutu, kowanne a shafinsa mai shara-shara, an jera su bisa juna don a iya gyara ɗaya ba a taɓa sauran ba. In suka kai talatin, an doshi gigabayit 2. Teburinta gaba ɗayansa gigabayit 2 ne, kuma babbar manhaja ta riga ta zauna a kan wani yanki nasa tun kafin a buɗe komai. Ina za a shimfiɗa sauran?

Kwamfutar ofis, in teburi ya cika, takan kwashe wani abu ta mayar sito na ɗan lokaci, aiki ya yi nauyi amma ya ci gaba. Kwamfutocin hannu da yawa ba a gina su a kan wannan dabara ba. iPad ma sai a 2022 ta same ta, kuma a kan masu sabuwar masarrafa kaɗai. Abin da suke yi in wuri ya ƙure shi ne su kashe manhajar nan take. Mutum yana tsakiyar zane sai ya ga an dawo da shi shafin farko, wahalar sa'a biyu ta bi ruwa. Mai manhaja ya san in ya bari aka sauke ta a kan irin wannan na'ura, zagin da zai sha ya fi kuɗin da zai samu, sai ya rufe ƙofa tun daga waje. Saƙon nan mai ban haushi da ɗalibar ta yi ta gani, a wannan karon dai, gaskiya ya faɗa mata.

Don a ga nisan tafiyar: iPad ta farko da Steve Jobs ya nuna wa duniya a Janairun 2010, megabayit 256 ce ma'adanar wucin-gadinta, wato shafi huɗu na zanen ɗalibarmu ya cika ta fal. Masu masarrafa M1 da suka fito a 2021 daga gigabayit 8 suka fara, ninki 32 ke nan. A7 ta 2013 tana da tiransisto, wato 'yan makunnan lantarkin da ake lissafi da su, biliyan ɗaya da ɗoriya. M1 tana da biliyan 16. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo da nata cikin. Tsarin da Apple ya fito da shi a 2024 mai suna Apple Intelligence yana ɗauke da tarin lambobi kimanin biliyan uku da dole su hau teburi kafin ya amsa tambaya. Ko an matse kowace lamba ta koma rabin bayit, gigabayit ɗaya da rabi ke nan, tun ba a yi maganar komai ba. Shi ya sa ya tsallake duk iPad ɗin da ba ta da M1 ko abin da ya biyo bayanta, in ban da iPad mini mai A17 Pro. Har iPad mai sauƙin kuɗi da kamfanin ya fitar sabuwa fil a 2025 ba ta samu shiga ba. Ashe ba sai na'ura ta tsufa ake barin ta a baya ba, wata tun tana kwali aka bar ta.

Akwai kuma sassa na musamman. Masarrafar zamani ba ɗaki ɗaya ba ce, gida ne mai sassa: na zana hoto, na warware bidiyo, na lissafin ƙirƙirarriyar basira wanda Apple ya fara sakawa a 2017, da wani ɗan ɗaki a kulle inda ake ɓoye zanen yatsa da makullan sirri, irin wanda manhajojin banki ke dogara da shi. In sashen babu shi, wani aikin ba zai yiwu ba sam, wani kuma zai yiwu da ƙyar, kamar daka a turmi maimakon kai niƙa inji: bidiyo ya riƙa tsinkewa, bayan na'ura ya yi zafi, batir ya zube. Da Apple ya kawo manhajar tace bidiyo ta Final Cut Pro kan iPad a Mayun 2023, M1 ya gindaya a matsayin sharaɗi. 'Yar'uwarta ta haɗa sauti, Logic Pro, da suka fito rana ɗaya, ta yarda da A12 ta 2018. Bidiyo ya fi sauti nauyi, sharaɗin ya bi nauyin aikin.

Zuwa nan duk maganar ƙarfe ce. Sai dai da yawa daga manhajojin da ke ƙin tsofaffin na'urori ba ƙarfen suke dubawa kai tsaye ba, babbar manhaja suke tambaya. Mai rubuta manhaja ba ya gina komai daga tushe, aron kayan aiki yake yi daga babbar manhaja, kamar ɗan haya da ke amfani da rijiya da wutar gidan da ya kama. In ya ɗauki wani abin da sai a sabon zubi ake samunsa, ya yanke duk wanda ke kan tsohon zubi ke nan. To me ya hana tsohuwar na'ura karɓar sabon zubi? A duniyar Android sarƙa ce mai tsawo. Google ya fitar, kamfanin da ya ƙera masarrafa, irin su Qualcomm da MediaTek, ya daidaita ta da silikonsa, sannan kamfanin da sunansa ke bayan na'urar ya ɗora nasa ya aiko. Kowane mataki albashin injiniyoyi ne, a kan hajar da an riga an sayar an ci kuɗin. Kwamfutocin hannu masu araha da yawa da zubin da suka zo da shi suke mutuwa, ko sau ɗaya ba a sabunta su ba. Silikon ɗin bai gaza ba, wanda za a biya ya yi aikin ne babu.

Shi ma mai manhaja lissafi yake yi. Duk tsohon zubin da ya ce zai ci gaba da ɗauka, sai ya gwada aikinsa a kansa, ya toshe ramukan tsaron da mai gidan ya daina toshewa. In masu amfani da shi suka ragu, sai ya sauke nauyin. WhatsApp, wadda ta fi yawancinsu haƙuri, ta sallami Android 4.4 a Oktoban 2023, shekara goma bayan fitowarsa. Wani lokacin ma babu wanda ya yanke hukunci, wa'adi ne kawai ya cika. Shafukan intanet suna gabatar da takardar shaida kafin na'ura ta amince da su, ita kuma na'ura tana da jerin masu sa hannun da ta sani tun daga masana'anta. A ranar 30 ga Satumban 2021 wa'adin wata tsohuwar takarda da hukumar Let's Encrypt ta jingina da ita ya ƙare, sai ga tsofaffin na'urori da ba a sabunta jerinsu ba suna ƙin buɗe shafukan da suka buɗe jiya, suna cewa ba su amince ba. Masu su sun yi ta zargin kamfanin layi.

Amma kada mai karatu ya ɗauka na zo wanke kamfanoni ne. Ba duk sharaɗi ne ya fito daga silikon ba, wani daga ɗakin taron 'yan kasuwa ya fito. A Yunin 2022 Apple ya sanar da wani tsari na buɗe tagogi da yawa a fuskar iPad lokaci guda, mai suna Stage Manager, ya ce sai mai M1, ya kafa hujja da girman ma'adana da saurinta. Waɗanda suka sayi iPad Pro da tsada a 2018 da 2020 suka yi ca a kansa. Kafin kaka ta wuce kamfanin ya sassauta, ya ba su tsarin, ya riƙe haɗawa da babban allo na waje ga masu M1 kaɗai. A 2025 kuwa iPadOS 26 ta kawo tsarin tagogi ga duk iPad ɗin da ke iya ɗaukarta, har da masu sauƙin kuɗi. Ban ce hujjar farko ƙarya ce tsagwaronta ba. Na san an sake aiki a kan tsarin kafin ya sauka ga ƙanana. Abin da nake cewa shi ne, "ba zai yiwu ba" a bakin kamfani sau da yawa ma'anarsa "ba mu ga ribar wahalar ba tukuna". Kuma zargin da jama'a ke yi ba daga sama ya faɗo ba. A Disamban 2017 wannan kamfani ya amsa cewa yana rage saurin tsofaffin wayoyin iPhone da batirinsu ya yi rauni, ya ce don kada su riƙa mutuwa ba zato ne. Hujjar tana da ma'ana a wurin injiniya, amma ba a gaya wa masu wayoyin ba, kuma a kan wannan ɓoyewa hukumomin Faransa suka ci shi tarar Yuro miliyan 25 a Fabrairun 2020. Adalci kuma ya sa in ƙara da cewa iPad Air 2 ta 2014 ta yi ta karɓar sabon zubi har zuwa na 2021, abin da kwamfutocin Android na zamaninta ba su ko yi mafarkinsa ba.

Akwai wani laifin da ya fi kusa da gida, shi ne ƙibar manhajoji. Tun a 1995 masanin kwamfuta ɗan ƙasar Suwizalan, Niklaus Wirth, ya koka cewa nauyin manhajoji yana ƙaruwa fiye da yadda saurin na'urori ke ƙaruwa. Kwamfutar da ta ja ragamar kumbon Apollo 11 zuwa duniyar wata a 1969, ma'adanar wucin-gadinta kimanin kilobayit 4 ce. Yau manhajar da aikinta bai wuce nuna jadawali da karɓar suna ba sai ka ga ta ci megabayit ɗari, domin mai ita ya kwaso kayan aro ya jibga, da na talla, da na bin sawun mai amfani, bai tsaya ya rage komai ba tunda a kan na'urarsa tana gudu. A nan dole in sunkuyar da kai. Shekaru nake duba ayyukan ɗalibai na ƙarshen karatu, ina tambayar ko manhaja tana aiki, ban tuna ranar da na tambayi a kan wace na'ura take aiki ba, balle in rage wa wani maki don ta ci ma'adana. Mu muke yaye waɗanda gobe za su rubuta manhajar banki da ta asibiti.

Ma'aunin da nake amfani da shi ba mai wuya ba ne: in sharaɗi ya bi nauyin aiki, na yarda da shi. Mai tace bidiyo ko mai zanen shafi talatin ba shi da ta cewa. Amma in manhajar duba sakamakon jarrabawa ce, ko ta biyan kuɗin makaranta, ko ta rajistar manoma, take neman sabuwar na'ura, wannan ba ci gaba ba ne, lalaci ne ko rashin sanin waɗanda ake yi wa aiki. Kuma an nuna cewa ana iyawa in an so. Facebook ya fitar da Facebook Lite a 2015 don ƙananan wayoyi da raunin intanet, Google ya fitar da Android Go a 2017 don na'urori masu gigabayit ɗaya ko ƙasa da haka. Ba tausayi ya sa su ba, sun ƙirga mu ne suka ga muna da yawa.

Abin da ya sa wannan magana ta fi ƙona mu shi ne wurin da muke tsaye a layin kasuwa. Na'ura takan yi ƙuruciyarta a Turai ko Amurka ko Dubai, sai ta manyanta ta iso Ikeja, daga nan ta hauro Farm Centre ko titin Beirut a Kano. Ranar da ta zama sabuwa a hannun ɗanmu, a littafin wanda ya ƙera ta ta kusa ritaya. Shawarar "sayi sabuwa" kuwa mai sauƙin faɗi ce ga wanda ba da naira yake saye ba. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati kimanin naira 460 ce, a Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Albashin malami bai ninka uku ba, balle alawus ɗin mai hidimar ƙasa a lokacin da yake tara kuɗin nan.

Hukumominmu ma ya kamata su san cewa sayen kwamfutar hannu ba kamar sayen benci ba ne. Jihar Osun ta raba wa ɗaliban sakandare irin waɗannan na'urori a 2013 a shirin Opon Imo, wasu jihohi da hukumomi sun bi sahu da nasu shirye-shiryen. Hukumar ƙidaya ta ƙasa ta tanadi na'urorin hannu masu ɗimbin yawa don ƙidayar da aka shirya yi a Mayun 2023, aka ɗage ta. Benci in an ajiye shi a sito shekara uku benci ne. Na'ura kuwa kowace rana a ajiye batirinta na raguwa, wa'adin sabunta ta na ƙaratowa. Duk takardar kwangilar da ba ta ce shekara nawa za a yi ana sabunta babbar manhaja ba, rabin takarda ce. Tarayyar Turai ta mai da wannan doka: daga 20 ga Yunin 2025, waya ko kwamfutar hannu da za a sayar a can sai an ci gaba da sabunta babbar manhajarta aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurin, kayan gyaranta su samu har shekara bakwai, batirinta kuma ya jure caji 800 yana riƙe da kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa. Google da Samsung sun riga sun yi alkawarin shekara bakwai a kan manyan wayoyinsu tun 2023 da 2024. Tunda ragowar kasuwarsu muke ci, wata rana amfanin dokar zai gangaro mana, amma sai bayan shekaru, kuma ba da ƙoƙarinmu ba.

Kafin nan, wanda zai shiga kasuwa ya daina tambayar kyau da girman sito kawai. Ya tambayi shekarar da samfurin ya fito, ba shekarar da ya shigo ƙasa ba. Ya tambayi girman RAM daban. Ya buɗe ya ga zubin babbar manhaja da ranar da aka yi mata sabuntawar tsaro ta ƙarshe. Abin da ya fi duka, ya sa a sauke masa ainihin manhajar da zai yi aiki da ita a nan gaban mai shago, ya buɗe ta ya gani, kafin ya ƙirga kuɗi. Kada kuma ya yarda da mai cewa zai ƙara masa RAM daga baya. A kwamfutar hannu a manne take da allon ciki tun daga masana'anta, ba ta da gurbin ƙari. Ɗalibar nan ma an riga an yi mata tayin haka, har an yanka mata farashi. Allah ya sa ba ta da kuɗin a ranar.

Na je wurin malamin nasu, wanda abokina ne tun muna ƙananan malamai. Na tambaye shi mutum nawa ne a ajin manhajar ta hau na'urarsu. Ya ce bai ƙirga ba, shi dai a kan tasa ya gwada ya ga ta yi kyau. Da ya ƙirga washegari, ya tarar ba su kai rabi ba, sauran sun yi shiru ne kawai, kowa yana ɗauka talaucinsa ne shi kaɗai. Ya amince a yi aikin a ɗakin kwamfutocin sashe, ko da wata manhaja mara nauyi da muka gwada tare, wadda ke ɗaukar shafi kaɗan amma ta wadatar da abin da yake son koyarwa.

Ita kuma na ba ta shawarar kada ta sayar, domin abin da za a ba ta ba zai sayi rabin wata ba. Na'urar za ta yi mata shekaru tana karanta littattafai da rubuta darasi, in dai ba ta sa manhajar banki a ciki ba. Ta yi godiya, ta mayar da ita cikin rigarta ta fata a hankali. A bakin ƙofa na tambaye ta ko ta gaya wa yayanta. Ta ce, "A'a Malam. Kullum in ya kira sai ya tambaya ko tana yi mini aiki, ni kuma in ce masa tana yi. Bari dai ya gama hidimar ƙasar tukuna."